Motar lantarki: Kamfani na iya rage maka caji kana barci

Mutumin da ya sayi motar fetur ya san cewa tankin da ya kwana da shi, shi zai tarar da safe. Babu wanda zai zo cikin dare ya matse masa bakin tankin, ko ya rage masa girmansa. Mai motar lantarki ba shi da wannan tabbacin. Motocin zamani suna karɓar sabuwar manhaja daga kamfanin da ya ƙera su ta intanet, kamar yadda wayar hannu ke yi, ko kuma a ɗora musu ita idan an kai su duba lafiya. A Amurka da Turai, ƙorafin da ake yawan ji bayan irin wannan sabuntawa kusan iri ɗaya ne: motar da a da take cika kafin asuba yanzu gari na wayewa ba ta cika ba, ko cajin ya yanke a tsakiyar dare, ko batir ya ƙi ɗumama a lokacin sanyi.

Batun ya cancanci kulawarmu domin tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, zancen motar lantarki ya tashi daga labarin ƙasashen waje ya shigo lissafin ɗan kasuwa da ma'aikacin gwamnati. Kafin mutum ya zuba miliyoyinsa, ya dace ya san irin rigimar da waɗanda suka riga shi saye suke yi da kamfanoni, da kuma dalilinta.

Misali mafi kusa da batun cajin gida shi ne na kamfanonin Hyundai da Kia. A watan Yulin 2023, wasu masu motocin Ioniq 5 da EV6 da Genesis GV60 suka shigar da ƙara a jihar Kalifoniya ta Amurka. Sun ce an sayar musu da motocin a kan cewa za su iya jan wuta mai ƙarfin amfiya 48 a gida, su cika cikin sa'o'i bakwai ko ƙasa da haka, amma bakin da ake soka fulogin caji yana yin zafi har motar ta katse cajin da kanta. Mutum ya kwanta da zaton motarsa na cika, ya tashi ya tarar ko rabi ba ta kai ba. Maganin da kamfanonin suka kawo shi ne sabuwar manhaja: idan bakin cajin ya fara zafi, maimakon motar ta katse, sai ta rage wutar da take ja zuwa kusan rabi. Cajin ya daina yankewa, amma kamar yadda masu ƙarar suka ce, abin da ake yi cikin sa'o'i bakwai ya koma fiye da goma.

A nan ne gizo ke saƙar. Zafin da waya ko mahaɗa ke yi ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da ƙarfin wutar da ke ratsa ta; idan aka ninka wutar sau biyu, zafin yana ninkuwa sau huɗu. Saboda haka rage wutar zuwa rabi yana sauke zafin ƙwarai, kuma ta fuskar tsaro mataki ne mai ma'ana. Sai dai ƙarfen da ke zafin yana nan yadda yake. Ba a canza shi ba, an dai koya wa motar ta riƙa lallaɓa shi. Manhaja ba ta cin kuɗin kayan gyara, ba ta buƙatar makaniki ya kwance komai, shi ya sa take da farin jini a wurin kamfanoni. Wanda ke biyan kuɗin a ƙarshe shi ne mai motar, kuma da lokacinsa yake biya.

Tesla ta riga su taka wannan sawun. Bayan wata Model S ta kama da wuta a Shanghai a Afrilun 2019, wata kuma a Hong Kong a watan Mayu, kamfanin ya aika da manhajar da ta sauya yadda ake caji da yadda ake kula da zafin batir. Wasu masu tsofaffin motocin suka lura cewa nisan da suke iya yi da caji ɗaya ya ragu da kusan kashi 10 cikin 100. Aka je kotu, kuma a 2021 Tesla ta amince ta biya Dala miliyan 1.5, inda masu motoci 1,743 suka samu Dala 625 kowannensu. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma sun nuna cewa rage ƙarfin batir daga nesa abu ne da ake iya tuhumar kamfani a kansa.

Na Chevrolet Bolt ya fi muni. A Nuwamban 2020 kamfanin General Motors ya taƙaita cajin motocin zuwa kashi 90 cikin 100 ta hanyar manhaja saboda fargabar gobara. Gobarar ba ta tsaya ba, domin aibin yana cikin ƙwayoyin batirin da kamfanin LG ya ƙera. Zuwa Agustan 2021 an yi wa dukkan motocin kiranye, sama da 140,000, aka kuma shawarci masu su da su ajiye su a waje, kada su bar su kan caji cikin gareji da dare. Daga baya aka shiga canza batiran da suka nuna aibi.

Adalci dai shi ne a faɗi ɗaya ɓangaren. Ba kowace matsalar da ta biyo bayan sabunta manhaja ce dabarar kamfani ba. Wani lokaci kuskure ne tsagwaronsa, kamar yadda ya faru da Rivian a Nuwamban 2023, lokacin da ya aika da manhajar da ba ita aka yi niyya ba, allon wasu motoci ya mutu, kamfanin kuma ya amsa laifinsa. Wani lokaci kuma motar lafiyarta ƙalau, mai ita ne bai fahimci abin da take yi ba.

Batirin litiyom yana da yanayin da yake so, wanda bai yi nisa da wanda jikin ɗan Adam ke so ba, wato tsakanin digiri 20 zuwa 30 a ma'aunin Salshiyos. Idan sanyi ya kai matakin da ruwa ke daskarewa, cusa masa wuta da ƙarfi yana sa litiyom ya taru a jikin ƙwayar batirin maimakon ya shige ciki, kuma wannan lahani ne da ba ya warkewa. Don haka motar takan fara ɗumama batirin kafin ta karɓi caji sosai. Wanda ke caji da ƙaramin soket na gida a tsakiyar hunturun Turai zai iya ganin wuta na shiga amma adadin cajin bai motsa ba, saboda na'urar ɗumamawa ce ke shanye mafi yawan abin da ke shigowa. Idan sabuwar manhaja ta sauya matakin da ɗumamawar ke farawa, mai motar zai ɗauka cajin ne ya lalace. Abin da ya faru a Chicago a Janairun 2024, lokacin da motoci suka yi cirko-cirko a tashoshin caji cikin tsananin sanyi, yana da alaƙa da wannan: batir mai sanyi ba ya karɓar caji da sauri sai ya ɗumama.

Shi ya sa masu gyaran waɗannan motoci ke fara bincike daga abubuwa masu sauƙi. Sabunta manhaja kan iya mayar da saitin mota yadda ya fito daga masana'anta, jadawalin cajin dare ya goge, ko iyakar wutar da aka saita ta koma ƙasa. Idan saitin na nan daidai, sai a gwada motar a wata na'urar caji; in ta yi lafiya a can, matsalar tana gida, a soket ko waya ko na'urar da ke bango, wadda ita ma tana da tata manhajar da ke iya saɓawa da ta motar. A taɓa kan fulogin bayan sa'a guda: ɗumi ba laifi ba ne, amma zafin da hannu ba zai iya jurewa ba, ko ƙaurin roba, alama ce ta a dakata. Akwai kuma ƙaramin batir mai bolt 12, irin na kowace mota, wanda idan ya yi rauni babban batirin ba zai ko farka ya karɓi caji ba. Na'urar da ke cajin wannan ƙaramin batir, wadda ake kira ICCU, ita ce ta sa Hyundai da Kia suka yi kiranyen motoci kusan 147,000 a Amurka a Maris ɗin 2024, sannan fiye da 200,000 a Nuwamban shekarar. Abu na ƙarshe, wanda mutane suka fi mantawa da shi, shi ne rubuta lambar manhajar da ranar da ta shiga, da tsawon lokacin da caji ke ɗauka kafin ta da bayanta, domin mai irin wannan shaidar ne kaɗai ke iya tsayawa gaban kamfani ya nuna abin da ya sauya.

To, ina mu a cikin wannan? Sanyin Chicago ba namu ba ne. Namu shi ne akasinsa, kuma bai fi sauƙi ba. A Sakkwato da Maiduguri zafin bazara yana haura digiri 40, kuma bakin cajin da ke zafi a garejin Kalifoniya ba zai samu sassauci a tsakar gidan da rana ta yini tana duka ba. Duk motar da aka koya wa rage wuta idan ta ji zafi, a nan za ta fi yawan ragewa. Tarihin Nissan Leaf ya isa gargaɗi: a tsofaffin samfuranta ba a sanyaya batirin da ruwa, kuma tun 2012 masu ita a jihar Arizona mai zafi suka fara kukan batirin na tsufa da wuri. Ita ce kuma cikin mafi araha a kasuwar motocin lantarki na hannu, wato irin wadda za ta fi saurin jan hankalin mai shigo da kaya.

Sai batun wutar kanta. Ga Ba'amurke, ƙarin sa'o'i uku a kan caji ɓacin rai ne kawai, tunda wutarsa ba ta ɗaukewa. A Najeriya an raba masu amfani da lantarki rukuni-rukuni: rukunin A an yi masa alƙawarin sa'o'i 20 a rana, B 16, C 12, D 8, E kuma 4. Ma'aikacin da ke zaune a unguwar rukunin D, ko da an cika masa alƙawarin ba tare da yankewa ba, cajin sa'o'i bakwai zai shiga cikin kasonsa da ƙyar, na goma kuwa ba zai shiga ba. Wanda ke rukunin A yana da lokacin, amma tun Afrilun 2024 yana biyan sama da Naira 200 a kowane yunit, kenan cika batir mai yunit 60 zai ci fiye da Naira 12,000. Har yanzu ya fi fetur sauƙi, sai dai duk wutar da motar ta kashe wajen sanyaya batirinta daga mitarsa take fita. Ga kuma wutar da ke zuwa ba ƙarfi, da gidajen da ba a haɗa musu wayar kariya da ƙarfen da ake binnewa a ƙasa ba. Na'urorin caji da yawa ba sa yarda su fara aiki idan ba su ji wannan wayar ba, kuma janareta ma kan jawo irin wannan ƙin. Ba mamaki a ɗora wa manhaja laifin da na wayarin ɗin gida ne.

Babban giɓin dai yana wajen hakki. Ba'amurken da aka rage wa batir ya je kotu ya karɓi Dala 625. Tarayyar Turai tana aiki da ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 156, wadda ta wajabta wa kamfani ya kasance da tsarin da aka tantance na sabunta manhaja, ya kuma sanar da mai mota abin da sabuntawar za ta taɓa. Tun Yulin 2024 ta hau kan dukkan sababbin motoci a can. Sin ma, inda masu motoci suka daɗe suna kukan ana kulle musu wani sashe na batir daga nesa, ta wajabta wa kamfanoni su sanar da hukuma irin wannan sabuntawa. Motar da aka sayo a gwanjon Amurka aka sauke a Legas ko Kwatano ta fita daga duk wannan rumfar. Garantin batir na shekara takwas da ake yawan bayarwa galibi ba ya bin mota zuwa yankin da ba a sayar da ita ba, kuma idan mai hatsari ce da kamfanin inshora ya riga ya yafe, yawanci garantin ya faɗi tun a can. Irin wannan motar tana tsakanin abu biyu: ko dai manhajar ta ci gaba da riskar ta ba tare da wanda za a kai wa kuka ba, ko kuma ta yanke da kamfanin gaba ɗaya, gyaran tsaron da aka yi wa 'yan uwanta ya wuce ta. Na biyun ya fi ban tsoro, idan aka tuna da Bolt.

Gwamnati ta nuna tana son motocin su shigo. An cire musu harajin VAT a 2024, hukumar NADDC ta kafa tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato tun 2021, Jihar Borno kuma ta sa motocin haya na lantarki a titunan Maiduguri. Amma sassauta haraji shi ne ɓangaren mai sauƙi. A ganina, abin da ya kamata ya biyo baya shi ne a ɗaure dillalan da ke sayar da sababbin motoci, musamman na Sin da ke ƙara yawa, su rubuta wa mai saye saurin caji da ƙarfin batirin da suka yi alƙawari, yadda idan manhaja ta rage su hukumar kare hakkin masu saye ta FCCPC za ta samu abin kamawa. Su kuma na hannu, duba lambar jikin mota a rumbun kiranye na hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka, NHTSA, kyauta ne kuma ba ya ɗaukar minti biyar. Babu abin da zai hana a mayar da shi sharaɗin fitar da motar lantarki daga tashar jiragen ruwa, tare da takardar da ke nuna lafiyar batirin a ranar da aka sauke ta.