Wane Jemagen Kake Nufi, Malam?

Wani dattijo ya bugo mini waya ana tsakiyar shiri, ya ce ya sa an sare darbejiyar ƙofar gidansa a nan Umbadda, wai jemagu na kwana a kai, jemage kuwa cuta ne. Na ce, "Baba, wane irin jemage?" Ya ce, "Yaro, jemage ai jemage ne." Wannan amsar ce ta hana ni barci.

Jemage ba iri ɗaya ba ne. Masana sun ƙirga sama da iri 1,400 a duniya. Kakanninmu ma ba su haɗa su a kwando ɗaya ba, sun ware babba mai fuskar kare da manyan idanu, mai shan 'ya'yan itace, daga ɗan birbiri mai ƙananan idanu da ke bin ƙwari da magariba. Mu 'yan boko ne muka zo muka yi musu kuɗin goro.

Ku dubi abin da bambancewa ke haifarwa. A 2016, Iroro Tanshi, masaniya 'yar Najeriya, ta kama wani ɗan jemage a kurmin Dutsen Afi da ke jihar Kuros Riba. Da ta duba fatar da ke naɗe a hancinsa da gajeren wutsiyarsa, sai ta gane irin da aka shekara kusan 45 ba a gani ba ne. A duhun kurmi haka ake aikin: a kafa raga, a auna tsawon hannu, a duba haƙora da kunne, a naɗi kukan da kunnen mutum ba ya ji. Da ita ma ta ce jemage jemage ne, da ta sake shi ta wuce.

Na san abin da za a ce mini: cuta fa? Gaskiya ne, an tabbatar da ƙwayar Marburg a jikin wani iri mai kwana a kogo, kuma Ebola ta ɓulla a Nzara a 1976, lokacin tana cikin Sudan. To amma haɗarin yana ga mai kamawa da hannu, mai fiɗa, mai kutsawa kogo. Wanda ya sare bishiya bai kori cuta ba, tarwatsa jemagun ya yi, su bazu gidajen maƙwabta.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne butulci. Furen kuka da dare yake buɗewa, jemage na cikin masu yi masa barbara. Ɗorawa ma haka. Wato gungules ɗin da muke jiƙawa da azumi, da daddawar da 'yan uwa ke aiko mana daga Kano, duk da hannunsa a ciki. Har sharrin da muke yi masa, wai yana kashi ta baki, tuƙar 'ya'yan itace ce yake tofarwa bayan ya tsotse ruwan.

Baba ya sake bugowa makon jiya. Zafin rana ya hana shi zama a ƙofar gida, yana tambayar inda ake sayar da dashen darbejiya.