Mu Tuna da Su: Ayrton Senna, Gwanin Sukuwar Mota

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, kun san sukuwar dawaki a Damagaram. To, a wasu ƙasashe da motoci ake sukuwa. Wani babban gwanin wannan wasa shi ne Ayrton Senna, mutumin ƙasar Birazil.

Yana ɗan shekara 4 ubansa ya ƙera masa ƙaramar mota. Da ya girma, sau 3 yana zama na ɗaya a duniya: 1988, 1990 da 1991. Duk da haka bai yar da iyayensa da ƴan'uwansa ba. Kirista ne mai riƙo da karatun Linjila. Yana taimakon yaran talakawa a ɓoye.

Ranar 1 ga Mayu 1994, wajen sukuwa a Italiya, motarsa ta bugi katanga. Ya rasu yana da shekara 34. Ƙasarsa ta yi makoki kwana 3. Yayarsa Viviane ta kafa ƙungiya da sunansa don karatun yara. Gudu ya ƙare, alheri ya saura.

Samarin Kara-Kara masu hawan moto, ku yi tunani. Senna na da hular kwano, hanyarsa babu yara, babu awaki, amma bai tsira ba. Ku rage gudu, iyali na jiran ku gida.