Yaron da muka ce ba ya ganewa

Mu malaman lakwal muna saurin yanke wa yaro hukunci. Bara na bar Gidimuni zuwa Tafkin Chadi. Muna tsakiyar ruwa, tsohon injin jirginmu ya daina tsartuwar ruwan nan da ke nuna yana sanyaya kansa. Karen jirgin, ɗalibina ne da na taɓa kira daƙiƙi, nan take ya kashe shi. Ya ɗaga injin, ya cire leda daga mashayar ruwa, ya zura siririyar waya a mafitar, ya tayar. Ruwa ya dawo.

"Mushe, da bai dawo ba, robar famfon ce ta cinye."

Bin dalili daki-daki kenan, abin da na shekara uku ina cewa ba zai iya ba.