LAFIYA JARI: Tsoron ciko ne ke jawo cire haƙori

 A wannan watan cikin baki za mu leƙa. Dalili kuwa, saƙonni biyu ne suka shigo kusan a jere, ɗaya daga wata ƙanwarmu a Ajingi, ɗaya daga wani matashi a Gaya mai burin shiga harkar fim, kuma kukansu ɗaya ne. Haƙori ya yi kogo, an ce su je a yi masu ciko, su kuwa da sun tuna allura da ƙarar injin nan sai gabansu ya faɗi. Ta Ajingin ma cewa ta yi wata huɗu ke nan da gefe guda take tauna.

To ƙanwata, ke da ɗan'uwan namu, ku kwantar da hankalinku, ba ku kaɗai ba ne. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022, mutum wajen biliyan biyu ne ke yawo da kogon haƙorin da ba a yi wa magani ba. Da yawa rashin kuɗi ko nisan asibiti ne ya hana su, amma akwai waɗanda tsoro ne kawai ya zaunar da su.

Har da laifin fim

Mu 'yan kallo, fim ya taimaka wajen dasa mana wannan tsoro. A fim ɗin Marathon Man na 1976, bos ɗin likitan haƙori ne. Laurence Olivier ne ya fito a matsayin, ya sa aka ɗaure Dustin Hoffman a kujera, ya dinga huda masa haƙori ba tare da allurar kashe zafi ba. Wanda ya kalli wannan wuri, ina zai yarda ya buɗe wa wani baki?

Amma ku tuna da Cast Away na shekarar 2000. Tom Hanks yana fama da haƙori tun yana gida, yana ta jan ƙafa bai je asibiti ba, sai jirginsu ya faɗa teku, ya tsinci kansa shi kaɗai a tsibiri. Da ciwo ya ci ƙarfinsa, da ƙarfen takalmin wasan ƙanƙara da dutse ya fasa haƙorin ya fitar, nan take ya suma. Na farkon shiri ne na darakta don a razana mai kallo. Na biyun kuwa shi ne ya fi kama da abin da ke samun mutanenmu kullum.

Babu wata tsutsa

Mu fara da kawar da tsohon zance. Babu tsutsa a cikin haƙori. Tun 1728 wani likita ɗan Faransa, Pierre Fauchard, ya yi watsi da wannan magana. Abin da ke faruwa shi ne, wasu ƙwayoyin cuta da ke zaune a baki suna cin sukarin da ya maƙale, na alawa, lemon kwalba, biskit ko shayin da aka zabga wa cokali huɗu, sai su fitar da wani ruwa mai tsami da ke cinye farin ɓawon haƙori a hankali. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da farko ba a jin komai. Daga nan sai a fara jin tsami in an sha ruwan sanyi ko abu mai zaƙi. Wannan shi ne lokacin ciko, aiki ne ƙarami.

In aka bari ramin ya kai jijiyar da ke tsakiyar haƙori, nan ne ake kwana zaune. A sannan ciko kaɗai ba zai yi ba, sai dai a yi wankin jijiya, mai tsada da zuwa asibiti fiye da sau ɗaya, ko kuma a cire. Kun ga an gudu ba a tsira ba. Kai kuma mai son fitowa a fim, ka sani kyamara ba ta da kara. Da ta matso fuska ka yi murmushi, giɓi zai fito fili.

Kanumfari yana ɗan lafar da zafi, amma ba ya toshe rami. Ɗora asfirin a kan haƙori ƙona dasashi yake yi. Ruwan batir da fetur kuwa, don Allah kar ma a fara. Sannan in ciwo mai tsanani ya ɗauke kwatsam, kar a yi murna, ta yiwu jijiyar ce ta mutu, ruɓa kuma tana ci gaba ta ƙasa.

Me ake yi a ɗakin?

Rashin sani ya fi dare duhu, bari in faɗa maku daki-daki. Likita zai duba, wani lokaci ya sa a ɗauki hoton haƙorin. In ramin ya yi zurfi zai yi allura a dasashi. Maganin da aka fi amfani da shi, lidokain, a ƙasar Suwidin aka haɗa shi a 1943, kuma har yau ana cin moriyarsa. Za a ji ɗan tsini da ɗan yaji na wasu daƙiƙoƙi, bayan 'yan mintoci wajen ya yi nauyi, leɓe kamar ba naka ba. Daga nan sai injin ya kankare ruɓaɓɓen wurin. Ƙararsa ce ke firgita mutane, amma iska ce ke juya shi da tsananin gudu, ruwan da yake fesawa kuma don kar haƙorin ya yi zafi ne. Za ka ji motsi da dannawa, amma bai kamata ka ji ciwo ba. In ka ji, ka yi magana a ƙara allura. Sai a cike ramin, a daidaita, a ce ka cije a gani. Yawanci duka bai wuce awa guda ba.

Akwai ma wata hanya da ake kira ART, wadda aka fara a Tanzaniya a tsakiyar shekarun 1980 domin ƙauyukan da ba wuta. Da ƙananan ƙarafan hannu ake kwashe ruɓar a cike da wani farin ƙulli, ba inji, sau da yawa ba allura. Ƙaramin rami take wa aiki, wanda ya zo da wuri shi ke da damar tambayarta.

Masu cewa taɓa haƙorin sama yana kashe ido kuwa, ba haka ba ne. Ruɓar da aka bari ce ma kan kumbura fuska har ta doshi ido.

Dabarun kashe tsoro

Na farko, faɗa wa likita gaskiya tun kafin ka zauna: "Likita, ni fa tsoro nake ji." Ba abin kunya ba ne, sun saba, kuma zai bi da kai a hankali.

Na biyu, ku yi yarjejeniya cewa in ka ɗaga hannun hagu zai dakata. Abin da ya fi tayar da hankali a kujerar nan shi ne jin ba ka da ta cewa. In ka san kai ma kana da ikon cewa "kot" kamar darakta, rabin tsoron ya tafi.

Na uku, ka karya kumallo. Masu jiri a kujera galibi yunwa da fargaba ne suka haɗu masu.

Na huɗu, ka tafi da iyafis, ka nemi izini, ka saki waƙoƙin fim ɗin da ka fi so. Waƙa biyar ko shida, aiki ya yi nisa.

Na biyar, numfashi. Ja ta hanci a hankali kana ƙirga huɗu, ka sake shi kana ƙirga shida. Ka saki kafaɗu da yatsun ƙafa.

Na shida, kar ka sha wata ƙwaya wai don ka yi ƙarfin hali. Mai ciki, mai hawan jini, mai ciwon suga ko sikila, da wanda wani magani ya taɓa yi wa illa, duk su faɗa tun farko.

Bayan an gama, a bar shayi mai zafi da tauna sai leɓe ya saki, awa biyu zuwa uku ko fiye, don kar mutum ya ciji kansa bai sani ba.

Ga na Gaya da Ajingi

Na san naku tsoron biyu ne, na kujera da na kuɗin mota. Mutum ya taso daga Toranke ko Kademi, in ya je ya kasa zama ya dawo, asara ta zama biyu. Don haka a fara da Babban Asibitin Gaya a duba, a ji ta bakinsu. In aikin na Kano ne, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala duk suna da sashen haƙori. A yi sammako ta Wudil a yanki kati da wuri, domin dogon zama a layi shi ke ƙara kiɗa zuciya. A tafi da yaya ko ƙawa mai sanyin baki, ban da mai labarin yadda aka yi wa wane har ya suma. A tambayi kuɗin aiki tun kafin a fara.

Amma in fuska ta kumbura, ga zazzaɓi, baki ya ƙi buɗuwa ko haɗiya ta gagara, ba maganar jiran gobe. A nufi asibiti ko cikin dare ne, domin kumburin kan sauka wuya ya toshe numfashi.

Haba Gayawa! Ku da tarihi ya ce maƙeranku ne suka fara zama a gindin Dala, ɗan ƙarfen da bai kai tsinke ba ne zai kore ku? A daure a je tun ramin yana ƙarami. A riƙa goge baki sau biyu a rana da man goge baki mai sinadarin fuloraid, musamman kafin a kwanta, a haɗa da asuwaki, a rage zaƙi.

Ku ci gaba da aiko da tambayoyinku. A fitowa ta gaba za mu taɓo maganar masu sayar da garin sa haƙori fari a tasha. Sai mun haɗu, a kula da lafiya.