Sharhi: Alƙali da Mai Taɓin Hankali a Birnin Gwari



Tun da Gwamna Uba Sani ya buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari a watan Nuwamban 2024, bayan sulhu da 'yan bindiga, hankali ya koma kan ciniki da noma. Madalla. Amma shekarun da aka yi ana kwasar mutane zuwa dajin Kamuku sun bar ciwon da ba a gani da ido. Akwai wanda aka biya masa kuɗin fansa ya dawo gida ba ya barci, ƙarar babur kawai ta sa ya ruga a guje. Akwai yaron da taramol ta juya masa kai, yana yawo a tasha yana surutu shi kaɗai.

Ranar da irin wannan ya fasa gilashin mota ko ya jefi wani da dutse, sai a kai shi caji ofis, daga nan sai kotu. Me alƙali zai yi da shi? Sashe na 51 na kundin Final Kod ya ɗauke laifi daga wanda bai san abin da yake aikatawa ba saboda rashin hankali, kuma malaman fiƙihu sun riga shi faɗin haka. Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta ba jami'ai ikon ƙin karɓar mai taɓin hankali. A Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Doka kam akwai. Likitan da zai duba mutumin ne yake can asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, tafiyar fiye da kilomita 100.

Idan hukuma ta rasa inda za ta ajiye shi, dangi kan kai shi gidan mari. Ba mu manta da Rigasa ba, inda a Satumban 2019 'yan sanda suka fito da mutane fiye da 300, wasu da sarƙa a ƙafa.

Kada a ji ni a karkace: wanda ya ɗauki bindiga da hankalinsa garau, hukunci ne hakkinsa.

Amma ga mai taɓin hankali, akwai mafita. A Amurka, gundumar Broward ta jihar Filorida ta kafa kotun masu taɓin hankali a 1997, inda alƙali ke tura mai ƙaramin laifi wurin magani, yana kuma bibiyarsa. Birnin Gwari ba ta buƙatar sabon gini kafin a fara. Kamata ya yi gwamnatin Kaduna ta ware rana ɗaya a wata da likitan ƙwaƙwalwa zai zo ya zauna da alƙalan majistare da na shari'a, ta tanadi motar kai marasa lafiya Barnawa, ta kuma ɗauki nauyin maganin, domin manomin da ya sayar da gonarsa ya fanso ɗansa ba shi da abin biya.