Kullum Abu Ɗaya: Gasar Da Ke Karya Farashin Aikin Hannu

Maƙalarmu ta wannan mako za ta taɓa wani abu da da yawanmu ke tafa wa, kuma mun san wasu ba za su ji daɗinta ba.

Duk mai leƙa Instagram ko TikTok ko Facebook ya ci karo da gasar nan ta "kullum abu ɗaya". Mai sana'ar hannu za ta ɗaura aniyar kwana 30, wani lokaci kwana 100, kowace rana ta kammala abu guda ta ɗora hotonsa. Yau ɗan kunne, gobe jigida, jibi hular jariri ta ulu, gata awarwaron duwatsu. Mu kuma mu bi ta da "Masha Allah" da "Allah ya ƙara basira". Matsayinmu a fili yake: yadda ake gudanar da wannan gasa a wurinmu yana cutar da masu sana'ar da aka ce ana ɗaukakawa, kuma mu masu tafin muna da hannu a ciki.

Mu fara da inda abin ya samo asali. A shekarar 2009 wani mai zane a Amurka, Jake Parker, ya fara Inktober: zane ɗaya da tawada kowace rana cikin kwanaki 31 na watan Oktoba. Gasar kwana 100 kuwa ta faro ne a matsayin aikin aji da Michael Bierut ke ba ɗalibansa a Jami'ar Yale, kafin Elle Luna ta yayata ta a Instagram a 2014. A lura da abu biyu. Na farko, atisaye ne, an yi shi don hannu ya faɗa. Na biyu, jarinsa alƙalami ne da takarda. Babu mai tsaye a ƙofa yana taya zanen. Mu da muka aro abin, sai muka shigo da shi tsakiyar kasuwa, inda kowane hoto ke da "nawa ne?" a ƙarƙashinsa.

Ba mu musun alherin da ke ciki. Mai koyo da ta riƙe kwarashi kullum na wata guda za ta fi wadda ke ɗaukarsa sai ranar da ta ga dama. Hannunta zai daidaita, ta daina jan zare wani wuri da tauri wani wuri sako-sako. Wadda ke jin kunyar nuna aikinta ma takan samu ƙwarin gwiwa. Wannan duk gaskiya ne. Matsalar tana cikin sharaɗin: sai an gama abu kafin rana ta faɗi.

Wannan sharaɗi shi ke zaɓar wa mai sana'a abin da za ta yi. Me ake gamawa a yini ɗaya bayan an yi shara, an ɗora tukunya, an kai yara makaranta? Ɗan kunne, zoben waya, ribom, maƙalin makulli. Me ba a gamawa? Hular zanna da ake bi da allura ɗinki bayan ɗinki, wadda ke cin makonni, wadda mata da yawa da rikici ya raba da garuruwansu a Borno suke ci da 'ya'yansu da ita a Maiduguri. Aikin aska takwas na babbar riga irin na Zariya da ke iya cin watanni. Rigar sanyi ta babban mutum. Ko marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda tarihi ke dangantawa da shekarar 1498, sai an jira ruwan baba ya nuna kafin a tsoma ƙyalle, a ciro ya sha iska, a sake tsomawa. Duk aikin da ya yi mana suna a duniya ba zai ci wannan gasa ba ko ta kwana ɗaya. To wace irin gasar sana'ar hannu ce wadda gwanayen sana'ar za su faɗi tun a ranar farko?

Illa ta biyu ta fi zafi, domin aljihu ta shafa. Mai saye yana koyon darasi daga abin da yake gani. Idan kullum ya ga sabon abu ya fito daga hannu ɗaya, kuma ya ga bidiyon da aka matse aikin awa shida ya koma daƙiƙa 30, abin da zai zauna masa a rai shi ne aikin ba wuya. Ranar da aka faɗa masa farashi sai ya ce, "Haba Hajiya, abin da kike yi a yini ɗaya?"

Mu yi lissafi. Tun watan Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi a Najeriya Naira 70,000 ne a wata. Idan aka raba shi da kwanakin aiki 22, kowace rana awa 8, awa ɗaya ta kama kusan Naira 400. A ce jakar saƙa ta ci awa shida. Ladan hannu kaɗai, a ma'aunin ma'aikacin da ya fi kowa ƙarancin albashi, ya kai Naira 2,400. Ba a sa kuɗin ulu ba, ba shafi, ba zif, ba kuɗin Keke Napep zuwa kasuwa, ba data. Kowa ya tambayi 'yar uwarsa mai saƙa ko ta taɓa sa awanninta a cikin farashi. Abin da aka saba shi ne a lissafa kuɗin kaya a ɗora ɗan wani abu, a kira shi riba. Alhali saƙar kwarashi, saɓanin saƙar tsinke, har yau babu injin da ke yin ta yadda hannu ke yi. Kowane ƙulli da ka gani yatsun wata ne suka yi shi. Abin da inji ya gaza shi muke tayawa kamar kayan gwanjo.

Illa ta uku ita ce jari. Abu 30 a wata yana nufin kayan aiki na abu 30, a lokacin da duwatsu da ulu da waya, waɗanda galibi daga waje ake shigo da su, suke bin tashin dala. Wadda ke da mai tallafa mata za ta kai ƙarshe. Wadda jarinta kuɗin adashi ne za ta tsaya a rana ta tara, ta riƙa ganin kanta a matsayin malalaciya, alhali kuɗi ne suka ƙare. Wadda ta daure ta kai ƙarshe kuma, sau da yawa za ta tarar da kwali cike da ƙananan kayan da ba wanda ya yi odarsu, sai ta karyar da su don ta maido uwar kuɗi. Wannan karyarwa ita ce sabon farashin da za a riƙe wa maƙwabciyarta gobe. Wanda bai taɓa yin asara ba a wannan harka shi ne kamfanin da ya mallaki manhajar, domin kullum an ba shi sabon hoto kyauta.

Za a ce mana ai ba dole aka yi wa kowa ba. Haka ne. Amma idan manhaja tana tura mai ɗora abu kullum gaba, tana binne mai ɗorawa sau ɗaya a wata, an yi dolen ba tare da an furta ba. Za a kuma ce talla ce, ta nan ake samun masu saye. Muna tambaya: wane irin mai saye? Wanda aka jawo da sauri da araha, sauri da araha zai nema har abada. Hausawa kuwa tuni suka yanke hukunci, araha ba ta ado.

Mu marubuta bai kamata wannan ciwo ya zama mana baƙo ba. Mun san yadda masu karatu ke tsare marubuciya da "ina ci gaba?" kowace safiya, har labari mai kyau ya koma jan zance don kawai a cika shafin yau. Sauri ya haifi nawa. Kuma mu ne ake kawo wa rubutun tallar ƙanne da yayye da matan gida, mu ne ke rubuta "cikin sauƙi da rahusa" ba tare da mun tambayi kwana nawa aikin ya ci ba.

Ba cewa muke a daina gasar ba. A canza abin da ake ƙirgawa. A ƙirga zaman aiki, a bar ƙirga kayan da aka gama. Mai hula ta nuna mana inda allurarta ta tsaya yau, gobe ta nuna ɗan abin da ya ƙaru, har ranar da za ta kai wa mai wanki da guga. Mai jaka ta rubuta awannin da ta ci a ƙarƙashin hoto, tare da kuɗin kaya, kafin ta faɗi farashi. A bar ranar hutu a mako, domin wuyan hannu da idanu da gadon baya su ne ainihin jarin, kuma ba a sayar da su a Kantin Kwari. Wanda ya bi hula ɗaya da ido na kwana 21 zai ji nauyin taya ta da kuɗin katin waya.

Namu aikin kuma mai sauƙi ne. Kafin mu rubuta "nawa ne?", mu fara rubuta "kwana nawa ya ɗauke ki?" Idan aka ba mu tallar kayan hannu mu rubuta, mu sa lokacin da aikin ya ci a layin farko.

Masu ganin mun yi tsauri, fili naku ne, ku kawo hujja. Musamman muna son jin ta bakin waɗanda suka yi gasar har ƙarshe: nawa kuka kashe, nawa ya dawo? Allah ya sa albarka a cikin neman kowa.