Na'ura Ta Ɗauki Hoto, Wa Zai Karanta?

Duk sa'ad da aka tashi maganar gyara asibitocinmu, na'ura ake fara lissafawa. Ban ƙi ba. Amma a sha'anin haƙori, idon da zai karanta hoto ya fi na'urar wuyar samu.

Akwai turame huɗu a ƙuryar baki da kan fito tsakanin shekara 17 da 25. Sau da yawa na ƙasa ba sa samun wuri, sai su kwanta a karkace, dasashi ya kumbura, baki ya ƙi buɗuwa. Kusa da saiwarsu wata jijiya ta ratsa muƙamuƙi, ita ke kai ji ga leɓen ƙasa da haɓa. In aka ji mata rauni wajen cirewa, leɓe kan mutu na watanni, wani ma har abada.

Hoton da aka saba ɗauka ba ya nuna zurfi. Saiwa da jijiya kan fito kamar a manne alhali da tazara. A 1990 likitoci biyu, Rood da Shehab, suka tsara alamomin haɗari bakwai. Uku sun fi ƙarfi: saiwa ta yi duhu, farin layin hanyar jijiya ya katse, ko hanyar ta kauce. Sabon likita ya haddace su a littafi. Wanda ya daɗe yana tiyata kuwa ya sha kwatanta hoto da abin da ya tarar bayan ya tsaga dasashi, don haka ya fi sanin haƙorin da za a cire, wanda za a bari, da wanda sai an sake hoto mai nuna zurfi. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Sai dai babban ma kan zame in ya dogara da hoto bai duba bakin mai ciwo ba.

A Jihar Katsina, mutumin Ruma ko Runka da ya ratso hanya cikin fargabar 'yan bindigar dajin Rugu ba shi da halin zuwa sau biyu. Ƙwararrun kuma suna Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina da na Malam Aminu Kano.

Ina kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Katsina: duk asibitin da aka kai wa na'ura, a haɗa shi da ƙwararren da za a tura wa hoto ta waya kafin a taɓa haƙorin. Kai kuma mai karatu, kada ka miƙa turmin ƙurya ga mai cire haƙori a kasuwa.